Na Rubuta wa Yara Labarin Rasuwar Uba, Innarmu Ta Ce Tonon Asiri Ne

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a Jihar Jigawa, ina koyar da 'yan aji huɗu. Shekara biyu ke nan da yayana ya rasu a Kudu, inda ya je cin rani. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi na 'yan kwanaki, can aka yi masa sutura, mu dai waya kawai aka bugo mana. Ya bar yarinya, yanzu shekararta takwas, da ƙanenta ɗan shekara huɗu. Mahaifiyarsu ta yi aure a wani gari bayan ta fita takaba, ta tafi da ƙaramin, yarinyar kuma tana hannun Innarmu. Har yau babu wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata. Abin da ake ce mata shi ne Baba ya yi tafiya. Duk lokacin da masu cin rani suka fara dawowa, sai ta je bakin hanya ta tsaya tana duba motoci.

Abin ya dame ni, sai na fara rubuta labarin yara a kan wata yarinya 'yar ƙauye da ke bin sawun mahaifinta da ya ɓace. A cikin labarin ta gano cewa wani baffansu ne ya yi masa sammu don ya mallake gona, a ƙarshe kuma ta same shi da rai a wani gari mai nisa. Gaskiya ƙanen mahaifinmu ne yake noma gonar yayana tun rasuwarsa, kuma ba mu ga ko dami ɗaya ba. Da Inna ta ji abin da nake rubutawa ta yi kuka, ta ce tonon asirin gida ne. Maigidana ya ce in ƙona takardun. Ni kuwa ina so in karanta wa ɗalibaina, ita ma yarinyar ta ji, ko ta samu sanyi. In ci gaba ko in bari? In zan ci gaba, yaya ake rubuta irin wannan labari ba tare da an firgita yara ba?

Malama H., Jihar Jigawa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan yayanki, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari.

Kada ki ƙona takardun nan. Amma kin ɗora wa labarin kaya biyu da ba nasa ba: kina so ya faɗa wa yarinyar abin da manya suka kasa faɗa mata, kina kuma so ya ƙwato gonar da har yau ba a zauna a zaure an yi maganarta ba. Labarin yara ba zai iya ko ɗaya ba. In kika sauke masa su, akwai littafi mai kyau a hannunki, kuma yaran karkara suna bukatar irinsa.

Yarinyar ce ba ta iya jira, don haka da ita za mu fara. Yaron da bai kai shekara biyar ba yakan ɗauka wanda ya mutu zai iya dawowa. Tsakanin biyar da bakwai yake fara gane cewa ba a dawowa, kafin ya kai tara ko goma kuma ya fahimci cewa mutuwa tana kan kowa. 'Yar yayanki tana shekarun da za ta iya ɗaukar gaskiya, kuma ina kyautata zaton ta riga ta tsinci rabinta. An yi zaman makoki, uwarta ta yi wata huɗu da kwana goma tana takaba, daga baya ta auri wani. Da wuya a ce babu ƙawar da ta taɓa jefa mata "ai babanku ya mutu" a bakin rijiya ko a hanyar makarantar allo. Yarinyar tana riƙe da magana biyu masu karo da juna, ta yara da ta manya, tana jiran wanda ta amince da shi ya tabbatar mata da ɗaya.

Cewa "ya yi tafiya" ta fi yin ɓarna a garin da ake cin rani, domin a can tafiya tana da ranar dawowa. Kowace shekara, dab da ruwan shuka, uban wance ya sauka da tsaraba, uban wane ya sauka, nata shiru. Yaro ba ya barin tambaya babu amsa, shi zai ƙirƙiro wa kansa. Amsar da yara suka fi ƙirƙirowa ita ce ko dai "ba ya sona", ko kuma "wani laifi na yi shi ya sa ya ƙi dawowa". Ki duba abin da ƙarshen labarinki zai yi mata: jarumar ta jure, ta bi sawu, ta samo ubanta da rai. Ita kuwa za ta ji cewa da ta ƙara ƙoƙari da ta samo nata. Wannan ƙarshen dole ya fita, ko da yarinyar ba za ta taɓa ganin littafin ba, don a kowane aji akwai mai irin ciwonta.

Ba ta bakin littafi za ta ji rasuwar mahaifinta ba, kuma ba a gaban 'yan aji ba. Ki fara zuwa wurin mahaifiyarta, ƙafa da ƙafa, ba ta waya ba. Ita ce ta fi kowa haƙƙi a wannan magana, auren da ta yi bai cire ta ba. Ki roƙe ta ta zo ta kwana biyu, a faɗa wa yarinyar tana nan, Inna tana nan, ke ma kina nan. A zaɓi safiyar ranar da babu makaranta, ba da dare ba, don ta samu wunin da za ta yi tambaya kafin duhu ya yi. Maganar ta zama gajera, kamar haka: "Kin san Baba ya tafi Kudu neman kuɗi. A can ya yi rashin lafiya mai tsanani, aka yi magani, bai tashi ba, ya rasu. Ya mutu ke nan. An yi masa sallah, an binne shi a can. Ba zai dawo ba. Ba laifinki ba ne. Mun ɓoye miki ne don muna ganin kin yi ƙanƙanta, amma da mun faɗa miki tuntuni ya fi." Kada a ce ya yi barci, yaro zai iya komawa tsoron kwanciya. A kuma jaddada cewa ciwon mai tsanani ne, in ba haka ba duk ranar da zazzaɓi ya kama Inna hankalinta zai tashi.

Kada ki yi mamaki in ta ji ta ce "to", ta fita wasa. Yara sukan shiga baƙin ciki su fita, su sake shiga. Za ta dawo da tambaya ɗaya sau da yawa, a riƙa ba ta amsa iri ɗaya. Za ta so ta san wa zai ci gaba da riƙe ta, a faɗa mata dalla-dalla: a nan za ki zauna, makarantarki tana nan, ga lokacin da za ki riƙa zuwa wurin Mama da ƙanenki. A ba ta wani abu nasa ta ajiye, hula ko carbi ko hoto. In cikin abokan cin raninsa akwai wanda ya halarci jana'izar, a kira shi ya ba ta labarin yadda mutane suka taru suka yi masa sallah, domin wanda bai ga makara ba yana bukatar shaidar wanda ya gani. In kuwa bayan makonni ta daina cin abinci, ko fitsarin kwance ya dawo, ko tana firgita kullum cikin barci, ko ta ce tana so ta mutu ta bi shi, a kai ta babban asibiti mafi kusa, a nemi a tura ku ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Addu'a da ganin likita ba sa hana juna.

Inna kuwa, ki tausaya mata kafin ki yi mata gardama. Ta rasa ɗa, ba ta ga gawarsa ba, ba ta san inda kabarinsa yake ba. Mai yiwuwa "ya yi tafiya" ɗin nan ba jikarta kaɗai take rarrashi da ita ba. Kada ki tunkare ta da abin da masana suka ce. Ki tafi da wadda take jin maganarta, goggonku ko uwargidan liman, a tuna mata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu a Abwa, a hanyarsu ta komawa Makka daga Madina, yana tare da ita. A tuna mata kuma da ya rasa ɗansa Ibrahim idanunsa sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kukan da Inna take gudun jikarta ta yi ba rashin tawakkali ba ne.

A kan tonon asiri, Inna ta fi ki gaskiya. A ƙauye, kafin ki gama babi na biyu duk ajin sun san wane baffa ake nufi, kafin la'asar labarin ya shiga kowane gida. Ke da kanki kin ce zazzaɓi ne ya kashe yayanki. Jingina wa mutum sammu babu hujja ƙazafi ne, kuma zargin sammu ko maita a karkara ba ya tsayawa a baki, yakan kai ga duka da kora, wani lokaci har da asarar rai. Maigidanki wannan wutar yake hange, shi ya sa ya ce a ƙona. In kin nuna masa sabon tsarin da babu kowa na danginku a ciki, ina ganin zai sassauta.

Maganar gona ta manya ce, a yi ta inda ake yin ta. A fara tantance ko gonar ta yayanki ce shi kaɗai, ko gandun mahaifinku ne da ba a raba ba, don hukuncin ya bambanta. Yana yiwuwa Baffa ya shiga ne don kada ta zauna saura, ba wanda ya tambaye shi, shi ma ya yi shiru. In ta yayanki ce, kuma mahaifinku ba ya raye, to bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, matarsa tana da ɗaya bisa takwas, Inna ɗaya bisa shida, sauran na yaran ne, namiji ya ɗauki ninkin na mace. Baffa ba shi da kaso tunda akwai ɗa namiji. Ku zauna da dattawan gida da liman, in ta ƙi a je wurin dagaci, in ta ƙi a je gaban alƙali. In an amince ya ci gaba da nomawa, a rubuta: haya ce ko noma a raba, dami nawa zai riƙa kawowa duk kaka, wa zai karɓa wa marayun, su wa suka shaida.

Sai mu dawo kan littafin. Babban gyaran da zan ba ki shi ne, kada mutuwar ta zama ita ce abin ɓoyen. Mai karatu ya san uban ya rasu tun a babi na biyu, a fili, babu kwana-kwana. Ƙullin da jarumar za ta warware ya zama wani abu ne da mamacin ya bari, wanda yaro zai iya ganowa da idonsa da ƙafarsa, kuma in an gano shi sai a ƙara sanin wane irin mutum ne uban. Ta haka ɗokin son sanin abin da zai faru shi zai ja yaro ya ratsa babin baƙin ciki, abin da zai tarar a ƙarshe kuma gaskiya ne, ba alkawarin da rayuwa ba za ta cika masa ba.

Ga misalin da za ki iya ginawa a kai ko ki sauya. Jarumar, mu ce Lantana, shekararta goma, domin yara sun fi son bin wanda ya ɗan girme su. Mahaifinta ya yi jinya a gida, ya rasu bayan an gama shigar da gero rumbu. Kin ga tun daga nan an rabu da labarin gidanku: babu Kudu, babu cin rani, babu baffa. Bayan makoki, kowace ranar kasuwa wata Bafillatana mai tallar nono takan ajiye ƙwarya ƙarama a ƙofar gida, in an miƙa kuɗi ta ƙi, ta ce kawai "na Lantana ne". Alama ta farko ke nan. Ta biyu, an aiki Lantana cikin rumbu ta miƙo dami, sai ta ga zane da gawayi a jikin bango: dogon layi ɗaya, a ƙarƙashinsa gajeru biyu, sai ɗaya, sai biyu. Ta uku, a aljihun tsohuwar rigar nomansa ta sami guntun igiya ja mai ƙulli uku, wata rana kuma ta hangi irinta a wuyan wata jar akuya da ke bin yaron ruga. Warwarar ita ce, shekara biyu kafin rasuwarsa uban ya sayi akuya da sunan Lantana, ya ba amininsa na ruga kiwo, don in ta kai shiga sakandare a sayar da 'ya'yan a yi mata kayan makaranta. Dogon layin uwar ce, gajerun 'ya'yan da ta haifa.

A irin wannan labari akwai tambayar da takan rusa marubuta: me ya hana wanda ya sani ya faɗa tun farko? In babu dalili mai ƙarfi, yara za su ce ai da an tambayi mai nonon an huta. Ki ba ta dalili. Mijinta, wato aminin uban, ya tafi da shanu neman ciyawa tun farkon rani, amanar a hannunsa take, ita ba ta ga hurumin ta yi maganar maza a gidan da ake takaba ba, ga kunya, ga Hausarta ba ta da yawa. Sai da ruwan farko zai dawo ya miƙa amanar a gaban shaidu. Ki tabbata kin nuna an yi kyautar tun uban yana raye, da shaidu biyu, in ba haka ba wani mai karatu babba zai ce akuyar ta shiga gado, ki ga kin koma rigimar da kika gudo.

Lissafin dabbar ma ya zauna daidai, don 'yan ƙauye ne za su karanta, kuma sun fi ki sanin turke. Cikin akuya wajen wata biyar ne, in tana samun kulawa takan haihu sau uku a shekara biyu, tagwaye kuma ba abin mamaki ba ne a jar akuya. To amma in 'yan haihuwar farko mata ne, da tuni su ma sun haihu, wani yaro a layin baya zai ɗaga hannu ya tuna miki. Ki mai da su bunsuraye, an huta. Rabon mai kiwo kuma ki bi yadda ake yi a yankinku, don wani wuri raba 'ya'ya ake yi, wani wuri haihuwa ake ware masa. Haka lokutan shekara: in ya rasu da kaka, takabar uwar za ta ratsa hunturu, bincike ya faɗo cikin bazara, warwara ta zo da ruwan shuka. Kada a ga ɗanyen ganye a watan da ƙasa ta bushe, kada a ga ana girbin dawa kafin gero.

Ki sa hanyar ɓata guda ɗaya, ba fiye ba. Misali Lantana ta ga maƙwabcinsu yana zagaya rumbu da asuba, ta zaci gero yake ɗiba, ashe jinkar yake gyara musu a ɓoye kafin damina, don kada a ce ya yi don a gode. Wanda aka zarga dole ya fita tsaf, kuma jarumar ta ji kunyar zatonta. Kada wanda ake zargin ya zama tsohuwa mai zaman kaɗaici, ko mai lalurar jiki, ko baƙon wata ƙabila, domin zargin yakan zauna a kan yaro ya fi wankewar daɗewa. Kada aljani ya warware ƙullin, kada uban ya zo a mafarki ya faɗi amsar. Tana iya mafarkinsa ta farka da kewa, wannan gaskiyar maraici ce, amma amsar ta fito daga abin da mai karatu ya riga ya gani da idonsa. Ranar zuwa ruga kuma ki haɗa ta da babba, da rana tsaka. Yara suna kwaikwayon jarumin littafi, kuma ba wannan zamanin ne na koya wa yarinya shiga daji ita kaɗai ba.

Baƙin cikin ki nuna shi ta kayan gida, kada ki yi ta maimaita cewa ta yi baƙin ciki. Duba wannan: "Da magariba Lantana ta jera kwanonin tuwo kamar kullum. Na Kaka, na Iya, nata da na Sule. Ta ɗauko babban kwanon nan mai murfi, ta goge shi da bakin zanenta. Sai ta tsaya. Iya ba ta ce komai ba. Ta karɓi kwanon, ta zuba tuwo, ta ce, 'Kai wa almajirai a zaure, ki ce su yi wa Baba addu'a.'" Jimlolin gajeru ne, babu kalmar da ɗan aji huɗu bai sani ba, kuma akwai babbar da ta ba yarinyar abin yi da kewarta. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi a duk littafin: ko da yaushe a samu babba ɗaya tsayayye wanda yarinyar za ta jingina da shi. Ranar rasuwar ki tsaya a inda yarinya take tsayawa, cikin gida tare da mata, ta ga fitar makara daga nesa. Babu bayanin wanka, babu cikin kabari, babu azabarsa. Sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in, tunda malamai sun saɓa a kai kuma iyayen ɗalibanki ba ra'ayinsu ɗaya ba, ki wuce ta da jimla ɗaya ko ki bar ta. Bayan kowane babi mai nauyi ki sako abin dariya: ƙanenta ya faɗa cikin buhun dusa, ɗan akuya ya cinye mata shafin aikin gida, 'yan mata suna gaɗa a dandali ta tsinci kanta tana tafi. Yaro maraya yana bukatar ya ga cewa dariya bayan rasuwa ba cin amana ba ce.

Ga 'yan shekara takwas zuwa goma sha ɗaya, babi goma sun isa, kowanne kalma 700 zuwa 800, jimla kuma kada ta riƙa wuce kalma goma sha biyu sai jefi-jefi. Babi mai wannan tsawon yakan karantu a bayyane cikin minti bakwai ko takwas, ya bar lokacin tambaya. Babi na farko ki ba wa uban yana raye, yana wasa da ita, har ma yana faɗa, don a san wanda aka rasa. Rasuwa a na biyu. Alamomin uku a na uku, na biyar da na bakwai, hanyar ɓata a na shida, warwara a na tara, na goma kuma a ga gidan ya ci gaba da rayuwa. Labarin ki rubuta shi da daidaitacciyar Hausa, karin harshen yankinku ki bar shi a bakin mutane, shi ma kaɗan.

Kafin ki kashe ko kwabo a maɗaba'a, ki buga kwafi biyar ko shida a shagon kwamfuta, ki ba wata malama a wata makarantar ta karanta wa yaran da ba su san danginku ba. Ta tsaya a ƙarshen babi na biyar ta tambaye su me suke tsammani. In duk sun gano, alamomin sun yi tsirara, a matsar da zanen rumbun gaba. In har babi na takwas babu wanda ya doshi amsar, sun yi zurfi, a ƙara nuna igiyar. Abin da ake so shi ne wasu su gano ana saura babi ɗaya, su yi ta zumuɗin a tabbatar musu. Ta kuma lura da inda suka fara mutsu-mutsu, nan ne wurin yankewa.

In ya kai ga ɗab'i, girman A5, wato rabin takardar da aka saba bugawa a shagon kwamfuta, ya fi sauƙin kuɗi, rubutu mai girman 14 zuwa 16. Kalma 7,500 a wajen 150 kowane shafi za su ci shafi 50, ki ƙara zane goma na baƙi da fari da shafukan farko, ya zama 64, wanda ya yi daidai da yadda ake naɗe takarda takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Launi a bango kawai. Ki duba da idonki cewa ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu a kwafin gwaji, don sau da yawa nan ake samun matsala in salon rubutun da aka zaɓa bai da su. Akwai wani mai suna Andika da aka tsara don masu koyon karatu, kyauta ne a intanet, yana da haruffan duka. Lambar ISBN kuwa, wato lambar rajistar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta.

In duk da wannan sauyin Inna ta ce zuciyarta ba ta kwanta ba, ki ƙara nisanta shi: jarumin ya zama namiji, wadda ta rasu ta zama uwa ko kaka, garin ya koma na masunta a bakin kogi, ki sa wani suna a bango ba naki ba. In ta ce a dakata, ki dakata shekara guda, takarda ba ta lalacewa a akwati. A tsakanin nan akwai rubutun da ba wanda zai hana ki: ki sayi littafi mai shafi 40, ki bi Inna da abokan yayanki da mahaifiyar yaran, kowa ya ba ki labari ɗaya a kansa, abincin da yake so, ranar da ya fi ba su dariya, yadda ya yi ranar sunan yarinyar. Ki rubuta da hannunki, ki bar shafuka a ƙarshe don ita ma ta rubuta nata, ƙanenta kuma ya tarar in ya girma.

Shi labarin Lantana, kada 'yar yayanki ta fara jin sa a cikin aji. Ki bari a yi aƙalla wata shida bayan an faɗa mata gaskiya, sannan ki ce mata kin rubuta labarin wata yarinya da babanta ya rasu, in tana so ku karanta tare, babi ɗaya a zama, in ba ta so ba komai. Ranar da za ki kai shi ajinki kuma, ki fara sanar da shugaban makaranta, ki duba rajista ki san su wa suka rasa uwa ko uba, ki kira su gefe kwana ɗaya kafin babi na biyu ki faɗa musu abin da ke cikinsa, ki ba su zaɓin su zauna ko ki aike su ofis da wani ɗan aiki har a gama.